Na'urar Hajiya da Wasiƙar Sifaniyanci: Yadda Ake Kai Ƙorafi ga Kamfani Cikin Ladabi

Daga wata ɗalibar JSS 2

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ce, "Mu da Faransancin da ake koya mana ma bai zauna ba, ina mu ina Sifaniyanci?" Ku yi haƙuri ku ɗan tsaya. Ni ma ban taɓa zaton zan rubuta ko kalma ɗaya da wannan harshe ba, sai da wata matsala ta same mu a gida a dogon hutun da ya wuce.

Kakata, wadda muke kira Hajiya, tana da hawan jini. Likita ya ce a riƙa auna ta safe da yamma ana rubutawa a takarda. Asibitin da nisa, mai kemis ɗin unguwarmu kuma kuɗi yake karɓa a kan kowane awo. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana aiki a ƙasar Sifaniya, a yankin Almeriya da ke kudu, inda ake noman tumatir da tattasai da kokwamba a cikin manyan rumfunan leda. Da ya ji labari sai ya sayi na'urar auna hawan jini a wani shagon intanet na can, ya ba wani abokinsa da zai zo gida ya taho da ita. Ranar da ta iso har maƙwabta sai da suka shigo aka auna su. Ta yi aiki kwana tara. A rana ta goma aka danna, shiru. Aka canza batir, shiru.

Kawu da asuba yake fita aiki, sai bayan magariba yake dawowa. Yana jin Sifaniyanci a baki sosai, amma rubutu yana ba shi wahala. Sai ya ce wa Yayana ya shiga imel ɗinsa ya rubuta wa shagon. Yaya kuwa ransa a ɓace yake. Ya rubuta da Turanci, ya zuba a manhajar fassara ta waya, ya aika abin da ya fito: "Dame mi dinero ahora. Tu producto es basura." Wato, "Ba ni kuɗina yanzu. Kayanka shara ne." Babu gaisuwa, babu lambar oda, babu ranar da aka sayi kayan, bai ma faɗi wane kaya ba ne. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, layi biyu kacal, suna tambayar wace oda ake nufi. Da Kawu ya ga saƙon farko ya kira waya, abin da kawai ya ce wa Yaya shi ne, "Wannan da sunana ka aika?"

Ranar Lahadi Kawu ya kai maganar wurin wata dattijuwa maƙwabciyarsa, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani, shi kuma ya riƙa turo mana saƙon murya ta WhatsApp, ni ina rubutawa a bayan littafina na Hausa. Daga baya na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a wayar Yaya don in tabbatar na rubuta su daidai. Babban abin da na gane shi ne, a Sifaniyanci ladabi ba a doguwar gaisuwa yake ba kamar namu. A cikin kalmar aikatau yake ɓoye, wani lokaci ma a harafi ɗaya.

"Kai" iri biyu

Sifaniyanci yana da hanya biyu ta cewa "kai" ko "ke". Akwai tú, wadda ake faɗa wa aboki, yaro ko ɗan gida. Akwai kuma usted, wadda ake faɗa wa babba, ko baƙo, ko ma'aikacin da ba ka sani ba. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Idan muka je gaida surukar yayarmu ai ba ma cewa "kin tashi lafiya?", sai dai "kun tashi lafiya?" ko da ita kaɗai ce a ɗakin.

Da na fara jin usted na ɗauka "ustaz" ce ta Larabci, don sun yi kama. Ashe ba haka ba ne. Masana harshen sun ce ta fito ne daga tsohuwar maganar girmamawa vuestra merced, wadda take kusa da "alfarmarku", aka yi ta taƙaita ta har ta koma usted. Shi ya sa idan ka yi amfani da ita, kalmar aikatau tana zuwa kamar kana maganar wani mutum na uku. Mu ma muna yin haka. Za ka tsaya gaban malaminka ka ce, "Malam zai sha ruwa?" alhali da shi kake magana.

Ga yadda bambancin yake. Idan kana tambayar abokinka ko zai iya taimakonka, sai ka ce ¿Puedes ayudarme? Idan ma'aikacin kamfani ne, sai ka ce ¿Puede ayudarme? Kun gani? Harafin s ɗaya ne aka cire, amma shi ne tsakanin "kai yaro" da "ranka ya daɗe". Haka nan tu tienda shagonka ne kai abokina, su tienda kuwa shagonku ne cikin girmamawa. Idan kuma kamfanin gaba ɗaya kake rubuta wa, ba mutum ɗaya ba, sai ka yi jam'i: ustedes, ka ce ¿Pueden ayudarme? Saƙon Yaya duk da tú ya fita, domin Turanci kalma ɗaya yake da ita ta "kai" da "ku", manhajar kuma ba ta san da wa ake magana ba, sai ta zaɓi wadda ta ga dama.

Dattijuwar ta ce a Sifaniya ta yau mutane da yawa suna saurin komawa tú, har wasu kamfanoni da ita suke rubuta wa masu sayen kayansu. Amma a ƙasashe irin su Kolombiya da Kosta Rika ana jin usted har tsakanin 'yan gida ɗaya. Shawarar da ta ba Kawu ita ce ya fara da usted koyaushe. Idan ɗaya ɓangaren yana son a sassauta zai ce puedes tutearme, wato "kana iya ce mini tú". Babu wanda zai ji haushi don an girmama shi fiye da kima, amma raini ba ya ɓuya.

Matakalar roƙo

Wannan ne sashen da ya fi burge ni. Ku ɗauka kana son a ba ka rasit, wanda suke kira factura. Idan ka ce Dame la factura, ka ce "ba ni rasit" ne, irin yadda za ka ce wa ƙaninka ya miƙo maka buta. Idan ka ce Deme la factura, por favor, ka hau mataki ɗaya, domin deme ta usted ce, kuma ka ƙara "don Allah", amma har yanzu umarni ne. Mataki na gaba shi ne ka mayar da umarnin tambaya: ¿Me puede dar la factura?, wato "za ku iya ba ni rasit?" Sama da wannan kuma akwai ¿Podría darme la factura, por favor? Kalmar podría, ana furta ta "podriya", tana kama da tamu ta "da za ku taimaka ku ba ni", inda kake nuna kamar kana bar wa mutum zaɓi, alhali kai da shi duk kun san aikinsa ne.

Akwai wani mataki a can ƙololuwa: ¿Sería tan amable de darme la factura?, wato "ko za ku yi mini karamci ku ba ni rasit?" Ni da na ji shi na ce to shi za mu riƙa sa wa a ko'ina. Kawu ya yi dariya ya ce dattijuwar ta hana. A ajiye shi sai ana neman alfarmar da ba dole ba ce a kan mutum. Idan ka sa shi a ƙaramin abu, ko ka faɗe shi rai a ɓace, sai ya zama gatse, kamar ka ce wa ɗan ajinku da ya riƙe maka biro, "Ranka ya daɗe, ko za a tausaya a dawo mini da birona?"

Haka kalmar "ina so" take. Quiero tana nufin "ina so" kai tsaye. Quiero mi dinero, "ina son kuɗina", tana da kaifi. Mai ladabi sai ya ce quisiera, ana furta ta "kisiyera", ko me gustaría, dukkansu kamar "na so a ce" ne ko "zan so". Quisiera cambiar este producto: "zan so in canza wannan kaya". Idan kuma za ka katse mutum ko ka ja hankalinsa, sai ka fara da disculpe ko perdone, kamar "gafara dai".

Sai dai kada ku ɗauka kullum haka mutanen can suke magana. Kawu ya ce farkon zuwansa ya yi mamakin jin mutum ya shiga wurin shan kofi ya ce Ponme un café, "zuba mini kofi", babu ko "don Allah", mai shagon kuma ya zuba yana murmushi. A baki, murya da fuska suna ɗauke nauyin ladabi. A rubuce kuwa babu murya babu fuska, kalmomin ne kaɗai za su tsaya maka.

Wasiƙar da ta yi aiki

Da a ce ni aka bar wa rubutun, da na fara da tambayar lafiyarsu, da ta iyali, da aiki, da gajiya, da sanyi. Dattijuwar ta ce a'a. Wanda zai karanta saƙon yana da wasu da yawa a gabansa, girmama shi shi ne kada ka ɓata masa lokaci. Gaisuwa layi ɗaya ce: Buenos días, ko Estimados señores idan kana son ta yi kama da wasiƙar ofis. Kuma bayan gaisuwar ɗigo biyu ake sawa, ɗaya bisa ɗaya, ba waƙafi ba kamar yadda aka koya mana a wasiƙar Turanci. Ga abin da muka aika, na cire lambar odar kawai:

Buenos días:
Les escribo porque el 3 de junio compré un tensiómetro en su tienda. El número de pedido es el...
El aparato funcionó nueve días y ahora la pantalla no se enciende. He cambiado las pilas, pero sigue igual.
¿Podrían cambiármelo por uno nuevo, por favor? Adjunto la factura y un vídeo.
Quedo a la espera de su respuesta. Muchas gracias.
Atentamente,

Ma'anarta da Hausa: "Barka da safiya. Na rubuto muku ne saboda ranar 3 ga Yuni na sayi na'urar auna hawan jini a shagonku. Lambar odar ita ce kaza. Na'urar ta yi aiki kwana tara, yanzu kuma fuskarta ba ta kawo haske. Na canza batir amma tana nan yadda take. Ko za ku iya canza mini ita da sabuwa, don Allah? Na haɗo da rasit da bidiyo. Ina jiran amsarku. Na gode ƙwarai." Atentamente kuwa ita ce rufewar wasiƙar ofis, sai sunan mutum ya biyo a ƙasa. Wadda ta fi ta sauƙi ita ce Un saludo, wato "gaisuwa".

Ku duba da kyau, babu zagi a ciki, amma babu magiya ma. Ba mu ce "ku taimaka mana don girman Allah, mu talakawa ne" ba. An faɗi abin da aka saya, da ranar, da lambar, da abin da ya lalace, da abin da muka riga muka gwada, da abin da muke so a yi. Zancen batir ɗin nan yana da muhimmanci, domin in ba ka faɗa ba, amsar farko da za ta zo ita ce "kun gwada canza batir?", ka ga an ci maka wasu kwanaki a banza. Ku kuma lura da alamar tambaya. A Sifaniyanci biyu ce, ɗaya a kife a farkon tambaya, ɗaya a ƙarshe. Na sha wahala kafin in gano ta a wayar Yaya, ashe sai an danne alamar tambaya ta kullum an riƙe.

Me ya sa muka nemi canji ba kuɗi ba? Nan ne na ga amfanin abin da ake koya mana a darasin kasuwanci game da haƙƙin mai saye. A Sifaniya, kamar sauran ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso hannunsa da zai iya mayar da su a ba shi kuɗinsa ba tare da ya faɗi dalili ba. Mu wannan ya wuce mu tun na'urar tana cikin jakar abokin Kawu. Amma akwai garantía, wato garanti. Tun daga 1 ga Janairun 2022 dokar Sifaniya ta sa garantin sabon kaya ya zama shekara 3. A ƙarƙashinsa, abin da mai saye zai fara nema shi ne gyara ko canji. Sai idan waɗannan sun gagara ake zancen rage farashi ko mayar da kuɗi. Kenan Yaya bayan rashin ladabi, abin da ya nema ma ba shi ne a kan layi ba. Ya ce in cire wannan jimlar, na ƙi.

Bayan kwana biyu suka amsa. Suka fara da Disculpe las molestias, "ku gafarce mu da damuwar da aka jawo muku", suka nemi hoton número de serie, lambar da ke jikin na'urar ta baya, suka kuma tambayi inda za a zo a karɓi lalatacciyar. Nan aka yi gardama a gidanmu. Yaya ya ce kada a faɗa musu tana Najeriya, za su ce ba ruwansu. Mama ta ce ba za a yi ƙarya da sunan ƙaninta ba. Aka rubuta gaskiya: El aparato está en Nigeria, en casa de mi madre, "na'urar tana Najeriya, a gidan mahaifiyata". Suka ce ba sai an dawo da ita ba, amma sabuwar adireshin Kawu na Sifaniya kaɗai za su iya kai ta. Ban ce kowane shago haka zai yi ba. Namu dai haka ya yi.

Da a ce sun yi shiru fa? Dattijuwar ta ba mu jimlar da za mu bi da ita: Les escribí el 20 de agosto y todavía no he recibido respuesta, "na rubuto muku ranar 20 ga Agusta, har yanzu ban sami amsa ba". Idan hakan ma bai yi ba, sai a ce Quisiera poner una reclamación, "zan so in shigar da ƙorafi". Wannan jimla a hankali ake faɗarta amma tana da nauyi, domin a Sifaniya doka ta wajabta wa shaguna su ajiye takardar ƙorafi da ake kira hoja de reclamaciones, su ba duk mai sayen da ya nema. Garuruwa da yawa kuma suna da ofishin ƙaramar hukuma mai sauraron koken masu saye, ana kiransa OMIC a taƙaice. A Meksiko hukumar da ke wannan aiki ita ce Profeco, tun 1976 take.

Idan ta waya ce

Waya ta fi tsoratarwa, don babu lokacin duba littafi. Abin da zai kwantar muku da hankali shi ne, wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda muke furta namu ake furta su. Harafin h ba a furta shi, don haka hola "ola" ce. Harafin j kamar "kha" ta Larabci yake, wadda muka sani a Islamiyya. Harafin v da b sauti ɗaya ne, saboda haka por favor "por fabor" ce. Inda mu Hausawa za mu yi hattara shi ne p, kada pedido ta koma "fedido".

A Sifaniya mai ɗaukar waya yakan ce ¿Dígame?, wato "faɗa mini", a Meksiko ¿Bueno?, a Kolombiya da Peru ¿Aló? Ma'aikacin kamfani kuma zai ce ¿En qué puedo ayudarle?, "da me zan taimake ku?" Ka gaishe shi gwargwadon lokaci. A Sifaniya buenos días tana kaiwa har wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin cin abincin ranarsu, daga nan sai buenas tardes. Agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya.

Jimlar da Kawu ya ce ta fi kowace cetonsa a shekarunsa na farko ita ce ¿Podría hablar más despacio, por favor?, "ko za ku yi magana a hankali, don Allah?" Sai ƙanwarta, ¿Me lo puede repetir?, "za ku iya maimaita mini?" Ba abin kunya ba ne ka ce No hablo bien español, "ba na jin Sifaniyanci sosai". Idan aka ce maka No cuelgue, ana nufin kada ka kashe wayar. Kafin ku rabu kuma ka tambaya, ¿Me puede dar un número de referencia?, don a ba ka lambar da za ka kafa hujja da ita gobe idan wani ma'aikacin daban ne ya ɗauka. Abu ɗaya da ba a bayarwa ko da wane irin ladabi aka tambaya shi ne contraseña, kalmar sirrinka, ko lambar sirrin katin banki. 'Yan damfara ma sun iya usted.

Idan za ka karanta adireshin imel a waya, alamar @ sunanta arroba. Wannan kalma asalinta Larabci ce, daga "ar-rub'u", wato rubu'i, kuma tsohon ma'aunin nauyi ce. Ba ita kaɗai ba ce. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga shekarar 711 har zuwa 1492, sun bar kalmomi masu yawa, wasunsu kuma a harkar saye da sayarwa suke. Almacén, ɗakin ajiyar kaya, daga "al-makhzan" take. Aduana, wato kwastan, daga "diwan". Albarán, takardar da ake sa wa hannu idan an kawo kaya, daga "al-bara'a". Har ojalá da suke faɗa idan suna fatan wani abu, akwai sunan Allah a ƙarshenta. Da na gaya wa malaminmu na Islamiyya sai da ya sa na maimaita masa.

Akwai 'yan tarkuna da ya kamata in ambata kafin kwalin ya cika. A Sifaniya waƙafi ake sawa kafin ƙananan kuɗi, don haka 45,90 € yuro 45 ne da santi 90, ba dubu huɗu da wani abu ba. Ɗigo kuma yana iya nuna dubu: 1.200 dubu ɗaya da ɗari biyu ne. Sannan harshen ya bazu sosai, kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da mu a Afirka. Don haka kalmomi suna bambanta. Wayar hannu móvil ce a Sifaniya, celular a Latin Amurka. Kwamfuta ordenador ce a Sifaniya, computadora a Meksiko. A Kolombiya mai saye yakan ce ¿Me regala...?, wato "za ku ba ni kyauta?", alhali biya zai yi, salon ladabinsu ne kawai. Ka ce haka a Madrid, mai shago zai yi maka kallon mamaki. Akwai kuma kalmar embarazada, wadda ta yi kama da kalmar Turancin nan mai nufin jin kunya, amma ma'anarta mace mai juna biyu. Yaya ya so ya sa ta a saƙon ban haƙuri. Allah ya sa na duba.

Ya dai ba su haƙurin daga baya, da jimla ɗaya: Disculpen mi primer mensaje, "ku gafarci saƙona na farko". Sabuwar na'urar ta isa hannun Kawu a cikin mako guda, tana nan a ɗakinsa cikin kwalinta, muna jiran wani ɗan garinmu da zai zo gida a watan Disamba. Kafin nan Yaya ne ke kai Hajiya kemis a babur duk Litinin da Alhamis. Ita ma ta kama kalma ɗaya, duk sanda mai kemis ya gama auna ta sai ta ce masa "girasiyas", shi kuma ya ce "amin, Hajiya".

Littafin da na rubuta jimlolin yana wurina. Duk mai son kwafa ya same ni a aji lokacin tara, amma a nan zai kwafa ya bar mini abina, don aikin gidan Hausa yana ta gaban littafin.